Fasinjan Bayan Isha'i

Riyal ɗari muka daidaita, ni da jikansa,
a lungun da mu masu keken bayan fage ke raɓewa.
Tsohon bai sa baki ba.
Na ɗaga shi, ashe bai kai rabin buhun gero ba.
Harami ya zame daga kafaɗarsa,
ba komai a wurin sai ƙashi da tabon allura.

Jikan, Sofwan, a Madina ya yi karatu,
Larabcinsa ya fi nawa tsabta.
Ya ce, "Ka san wa kake turawa?"
Na ce, "Baƙon Allah."
Ya ce, "A Tailan, in an ambaci Wirot,
mutum kan shafa aljihu ya ji ko takardunsa na nan."
Na yi dariya.
Bana shekarata tara a Makka babu igama.

Muka gangara daga Safa, yaron na zuba labari.
Kurtu ne, in ji shi, a wani garin masunta,
yana tsaye cikin ruwan sama yana ba motoci hannu,
takalmi ɗaya na fareti, shi ne na Juma'a.
Kafin mu taɓa Marwa sau biyu ya zama sufeto,
an ba shi caji ofis a bakin teku.
Daga nan sai Bankok.
Tauraro ya hau kan tauraro,
har ya zamana babu mai kaki a ƙasar
da ba ya ƙamewa in ya gifta.

A ƙarƙashin koren fitila na ƙara sauri, kamar yadda aka saba.
Tsohon ya damƙe hannun keke da hagu.
Damansa a dunƙule take tun ɗazu, bai buɗe ba.

Ya tuɓe kaki, ya sa kwat.
Minista: shekara biyu da wata huɗu.
Gwamnati ta faɗi da hantsi,
kafin la'asar direba ya kawo makulli ya ce a yafe shi.

A zuwa na shida tsohon ya yi magana,
murya kamar ana jan tabarma a kan yashi.
Sofwan ya yi jim kafin ya fassara.
Wannan umarar ba tasa ba ce.
Tasa ya yi tun yana minista, a jirgin gwamnati.
Wannan ta Mayuso ce, wani masunci
da ke tara kuɗin Makka a gwangwanin madara.
An kawo shi caji ofis da daddare, a yi masa 'yan tambayoyi.
Bai ga asuba ba.
Takarda ta ce ciwon zuciya,
sufeto ya sa hannu,
bayan wata uku aka ƙara masa girma.

Ban ce komai ba. Keke dai ya yi mini nauyi.

A Marwa wani askar ya tare ni,
yaro ne, gashin baki bai gama fitowa ba.
"Ina igama?"
Gwiwoyina suka zama ruwa.
Sai tsohon ya ɗago kai ya dube shi.
Kallo kawai, ko tari bai yi ba.
Askar ya gyara tsayuwa, ya gyara hula,
ya wuce, shi ma bai san dalili ba.

Na gode wa Allah, na gode wa tsoho.
Sai da Sofwan ke saisaye masa furfura da ɗan almakashi
na tuna cewa idon da ya cece ni
mai yiwuwa shi Mayuso ya gani na ƙarshe.

Sun biya, har da ƙarin hamsin.
Da na zo naɗe keke na tsinci abin da dama ta ɓoye:
'yar takarda, ta jiƙe da gumi,
rubutu mai lanƙwasa kamar ƙugiyoyin kamun kifi.
Ba na iya karantawa, amma na san sunan.

Tana aljihun gabana har yau,
inda igama ya kamata ta zauna.